Kala ba roƙo ba ne: Attaura da haƙƙin talaka

Kakar da ta wuce na je ƙauye gaisuwar rasuwa, a hanyar dawowa tayarmu ta yi faci muka tsaya bakin wata gonar shinkafa. An riga an yanke an kwashe, sai mata kusan goma da yara suna kala, kowa da ɗan buhunta ko kwano. Ba a jima ba mai gonar ya iso a kan babur, ko sallama babu, ya hau su da faɗa wai ya sayar wa makiyaya harawar gonar, kowa ta zube abin da ta tsinta ta fita. Wata tsohuwa ta juye kwanonta a ƙasa ta ja hannun jikanta. Direbanmu ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai Bayahude ne, ba imani."

Abin da mai gonar ya yi ya ɓata min rai, amma maganar direba ce ta biyo ni har gida. Don in akwai littafin da ya fito ƙarara ya hana ainihin abin da mutumin nan ya yi, to littafin Yahudawa ne. Mun saba da kiran duk marowaci ko mai taurin zuciya Bayahude, alhali yawancinmu ba mu taɓa leƙa abin da littattafansu suka ce game da talaka ba.

Ra'ayina a taƙaice: tausayin talaka kowace al'umma tana da shi, ba Yahudawa suka ƙirƙiro shi ba. Abin da littattafansu suka yi na daban shi ne sun ɗauke rabon talaka daga hannun kirkin mai kuɗi suka mai da shi haƙƙi, a rubuce, a aune, har ana iya kai mutum gaban alƙali a kansa. Kuma wannan tunanin ya yi tafiya mai nisa, ya fi gonakin da aka rubuta shi dominsu daɗewa.

Gefen gonar ba naka ba ne

A cikin Attaura, Littafin Firistoci babi na 19 ya ce in za ka yi girbi kada ka yanke har gefen gona, kada ka koma ka tsince abin da ya zube, ka bar wa matalauci da baƙo. Littafin Maimaitawar Shari'a, shi ma a Attaura, babi na 24 ya ƙara da cewa in ka manta dami a gona kada ka koma ɗauka, in ka kaɗe zaitun kada ka sake bi ta kan rassan, na baƙo ne da maraya da matar da mijinta ya rasu.

Ku lura fa, ba a ce ka kwashe ka kai gida sannan ka kira su ka raba ba. Cewa aka yi ka bari. Talaka ba ya zuwa ƙofar gidanka ya durƙusa, ba ya yi maka godiya, ba a ɗaukarsa hoto, gona yake shiga ya yi aiki da hannunsa ya ɗauki abin da dama nasa ne. Labarin Rut kenan, baƙuwa 'yar ƙasar Mowab da mijinta ya mutu, ta shiga gonar Bo'aza a Baitalami tana kalar sha'ir don ta ciyar da surukarta, kuma a lissafin littafin ita ce kakar mahaifin Annabi Dauda. Gidan sarautarsu mafi daraja, da bakinsu suka ce tushensa mai kala ce.

Malamansu na baya ba su bar maganar a wa'azi ba. A cikin Mishna, wato tarin fiƙihunsu da aka kammala wajen shekara ta 200 Miladiyya, akwai babi sukutum a kan gefen gona. Sun ce kada ya gaza ɗaya cikin 60 na amfanin. Zangarniya biyu in sun faɗi na talaka ne, uku na mai gona. Sau uku a rana ake buɗe wa masu kala, safe da tsakar rana da yamma, don wanda bai samu zuwa da safe ba kada ya rasa. An hana su shiga da lauje don kada a sari juna wajen wawa. Wadda ta fi kama ni ita ce inda suka ce duk wanda ya hana talakawa kala, ko ya bar wani ya hana wani, ko ya taya ɗaya daga cikinsu tsinta, to fashi ya yi wa talakawa. Wato ko zaɓen wanda zai amfana ba ka da iko, balle ka ajiye wa 'yan jam'iyyarku.

Haka dokar jingina. In ka ba mutum bashi ba ka shiga ɗakinsa ka zaɓi abin da za ka riƙe, a waje za ka tsaya ya fito maka da shi. Ba a karɓar dutsen niƙa jingina, don ka karɓe abincin gidan kenan. In mayafinsa ka riƙe, kafin rana ta faɗi ka mayar masa, da me zai rufa? Ɗan ƙwadago kuma a ranar za ka biya shi, ba "ka dawo jibi" ba. Wanda ya rubuta waɗannan ya san cewa yunwa daban, wulaƙanci daban, kuma sau da yawa wulaƙancin ya fi ciwo.

Kalmar da suke amfani da ita ma ta faɗi komai. Suna cewa tsedaka, 'yar'uwar sadaƙa ta Larabci ce wadda muka aro muka ce sadaka, tushensu ɗaya. Sai dai a Ibrananci ma'anarta ta asali adalci ne. Wanda ya hana, a wurinsu ba rowa kawai ya yi ba, zalunci ya yi.

Annabawansu kuwa ba sa rufa-rufa. Amos, makiyayi daga Tekowa a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ya zargi manyan Isra'ila da sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, ya kwatanta 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar ibada ta wuce su buɗe rumbu su rage mudu su tsawwala farashi har su haɗa da ƙaiƙayi su sayar. Ishaya ya ce kaiton masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba sauran wuri sai nasu. Ezekiyel da ya zo lissafa laifin Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu, girman kai ya ambata da ƙoshi da ƙin taimakon matalauci.

"Ai ba su suka fara ba"

Gaskiya ne, kuma ba na gardama. Tun kafin Attaura sarakunan Babila suna yafe basussuka, Hammurabi ma ya rubuta cewa an naɗa shi ne don kada mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, a yi wa maraya da gwauruwa adalci. Amma can sai sarki ya ga dama, galibi in ya hau gadon mulki yana neman farin jini, kamar dai yadda ake rabon shinkafa in zaɓe ya ƙarato. Attaura ta cire abin daga hannun sarki ta ɗaura shi a kalanda: duk shekara ta bakwai a yafe bashi, duk shekara ta uku zakkar amfanin gona ta zauna a gari don mabuƙata, duk shekara ta 50 gonar da aka sayar ta koma wa gidan da ya sayar. Dalilin da aka bayar, ƙasar ta Allah ce, ku baƙi ne a kanta.

A duba Rumawa a ga bambanci. Attajiran Rum suna kyauta sosai, su gina gidan wanka, su shirya wasanni, gwamnati ta raba alkama, a zamanin Sarki Agustus mutum wajen 200,000 ke karɓa a birnin Rum. To amma sharaɗin karɓa shi ne kai ɗan ƙasa ne, ba wai kana jin yunwa ba. Bawa da baƙo ba sa cikin lissafi. Talmud, wato babban littafin sharhin malamansu a kan Mishna, ya kawo wani gwamnan Rum, Turnus Rufus, yana tambayar malaminsu Rabbi Akiba: in Allahnku yana son talakawa me ya sa bai ciyar da su ba? A ganinsa wanda Allah ya talauta, ciyar da shi ma shisshigi ne. Akiba ya ce don mu tsira daga wuta ta dalilinsu. Ni dai wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, ta mai da talaka kamar tsanin da mai kuɗi zai taka ya shiga aljanna. Amsarsa ta biyu ta fi: in sarki ya yi fushi da ɗansa ya kulle shi, wani ya saci jiki ya kai masa abinci, kana ganin sarki zai hukunta shi ko zai yi masa kyauta?

Shaidar da ta fi ƙarfi daga bakin abokin gaba ta fito. A shekara ta 362 Sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gumaka, ya rubuta wa babban limamin gumaka na Galatiya yana ƙorafi cewa abin kunya ne, ba a ganin Bayahude yana bara, Kiristoci kuma suna ciyar da talakawansu har da namu, mu kuwa mun bar namu. Sai ya ba da umarni a buɗe masaukan baƙi a raba hatsi. Kiristocin farko ai daga majami'un Yahudawa suka fito, da waɗannan littattafan a hannu, ta nan tunanin ya shiga Turai.

Bayan gona ta tafi

Da Yahudawa suka watsu a birane ba gona ba zaitun, sai suka mai da dokar asusu. Kowane gari yana da kuppa, asusun da ake raba wa talakawan gari duk Juma'a, da tamhui, kwanon abincin da ake rabawa kullum ga duk mai yunwa ko matafiyi ne. Mutum biyu ke karɓar kuɗin, uku ke rabawa, saboda raba dukiyar talakawa kamar shari'a ce. Mai abincin cin sau biyu ba ya ɗauka daga kwano, mai na sau 14 ba ya ɗauka daga asusu. Mai neman tufafi a bincika, mai neman abinci a ba shi kawai. Kuma ba na ganin dama ba ne, Talmud ya ce wani malami mai suna Raba ya tilasta wa wani attajiri ya fitar da zuz 400, kuɗin azurfa na wancan zamani.

Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likita a fadar Ayyubawa a Masar ya rasu a 1204, shi ya jera matakan sadaka takwas. Na ƙasa shi ne mai bayarwa yana ɓata rai. Kusa da ƙololuwa, wanda bai san wa ya ba ba, mai karɓa ma bai san daga ina ba. Na sama duka kuwa shi ne ka ba mutum rance ko jari, ko ka shiga haɗin gwiwa da shi, ko ka samo masa aiki, yadda ba zai sake miƙa hannu ba. Duk abin da ƙungiyoyin agaji ke tallatawa yau da sunan dogaro da kai, mutumin nan ya rubuta shi sama da shekara 800 da suka wuce.

Kuma akwai takardu da ke nuna ba a littafi kawai abin ya tsaya ba. A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, wanda aka kwashe kaso mai yawa daga cikinsa zuwa Kambirij a 1897, an samu jerin sunayen masu karɓar burodi ranakun Talata da Juma'a, da wasiƙun mabuƙata da Larabci cikin haruffan Ibrananci. Kalmar da suke yawan kiran kansu da ita mastur, wato mai rufin asiri, kuma roƙon da suke yi shi ne a taimaka musu kada su kai ga buɗe fuskarsu a gaban jama'a. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

"To an taɓa yin aiki da shi kuwa?"

Nan ne dole in sassauta. Dokokin da ke cin ɗan kaɗan daga amfanin shekara, irin kala da asusu, sun rayu. Waɗanda ke taɓa uwar dukiya kuwa, tun farko ake zille musu. Irmiya babi na 34 ya ba da labarin yadda manyan Urushalima suka 'yanta bayinsu da maƙiya suka kewaye gari, da suka ga an sarara sai suka koma suka kamo su. Nehemiya babi na 5 ya nuna mutane suna jinginar da gonaki har da 'ya'yansu saboda haraji da yunwa, sai da ya tara manya ya kunyata su suka mayar.

Yafe bashi ma ya zo da matsalar da kowa zai iya hasashe, in shekara ta bakwai ta kusa ba mai ba da rance. Attaurar da kanta ta yi gargaɗi a kan haka, mutane ba su ji ba. Sai Hillel, ɗaya daga cikin manyan malamansu, ya fito da wata takarda da ake kira prozbul, mai bin bashi ya miƙa bashinsa ga kotu, shi kenan shekara ta bakwai ba ta share shi. Wasu za su ce hila ce. Hilar ce mana, amma wadda aka yi don kada ƙofar rance ta rufe wa talaka gaba ɗaya, ni ban san me zan yi ba da ni ne a wurinsa.

Sai dai dokar da ba a bi ba ma ba ta mutu ba. Ayar shekara ta 50, wadda ta ce a yi shelar 'yanci a duk ƙasar, ita ce a rubuce jikin Ƙararrawar 'Yanci a Filadelfiya ta Amurka. Martin Luther King a jawabinsa na Washington a 1963, Amos ya jawo, inda ya ce adalci ya kwarara kamar ruwa. Gangamin Jubilee 2000 na neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, daga shekara ta 50 ɗin nan, wadda ake kira Jubilee, ya samo sunansa, a 1998 mutum wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye taron G8, wato manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki, a Birmingham. A 2005 aka amince a share basussukan ƙasashe 18 da Bankin Duniya da IMF da Bankin Raya Afirka ke bi, har da Nijar da Gana, a shekarar ne kuma Najeriya ta samu rangwamen dala biliyan 18 daga Paris Club, wato ƙungiyar ƙasashen da ke bin ta bashi, a zamanin Obasanjo. Ba ayar kaɗai ta yi wannan ba, siyasa ta yi aiki, kuma abin da gwamnatocinmu suka yi da sararin da suka samu wani zance ne daban. Amma masu gangamin da ita suka fita titi.

Riba, Gaza, da sauran tambayoyi

Wani zai ce duk wannan ai tsakaninsu ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya, Maimaitawar Shari'a 23 ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa ta halatta daga bare, ba zan ɓoye ba, kuma Talmud ya ce talakan garinku shi ne gaba. Amma kala tun farko har da baƙo aka ambata, kuma Talmud ɗin ya ce a ciyar da talakawan wasu al'ummu tare da na Isra'ila saboda zaman lafiya. Sunan cin riba da ya manne musu kuwa tarihin Turai ne, coci ta hana Kirista ya ba ɗan'uwansa Kirista bashi da ruwa, a wurare da yawa aka hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a, aka bar musu ba da rance, sarakuna suna tatsar su, in bashi ya yi wa manya yawa a tayar musu da tarzoma. A York ta Ingila a 1190 bayan an gama da Yahudawan garin, takardun bashi aka je aka ƙone.

Wani kuma zai ce ana kashe mutane a Gaza kai kana nan kana yabon littafin Yahudawa. Ni ma ina ganin abin da kowa ke gani kuma yana min zafi. Amma gwamnati daban, littafi daban. A cikin littafin nan ne Sarki Ahab ya ƙwace gonar inabin Nabot, Annabi Iliya ya tare shi a cikin gonar ya ce ka yi kisa kuma ka ci gado? Akwai ƙungiyar malaman Yahudawa masu kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1988, duk kakar zaitun suna raka manoman Falasɗinawa gonakinsu, da irin waɗannan ayoyin suke kafa hujja.

Mai cewa an canza littafin, wannan muhawarar na bar wa malamai. Abin da na sani, Baƙara aya ta 83 ta ce an riƙi alkawari daga Bani Isra'ila su kyautata wa marayu da miskinai su ba da zakka, kuma Suratul Ƙalam ta ba mu labarin masu gonar da suka yi sammako don kada miskini ya shigo musu, suka tarar ta ƙone. Da direbanmu ya ce mai gonar ya yi halin waɗancan, da ban ce komai ba.

Maganar cewa irin wannan tsari yana koya lalaci kuwa ba ta da ƙarfi. Littafinsu na Karin Magana cike yake da zagin rago, Talmud ya ce gara ka feɗe mushe a kasuwa a biya ka da ka dogara da mutane, kuma duk wanda ya taɓa yin kala ya san sunkuyo ne daga safe har bayansa ya ƙage.

Rigimar haƙƙi ne ko alfarma ce har kotu ta je a Ingila. Shekaru aru-aru matan ƙauye suna kala a can, a wasu garuruwan har ƙararrawar coci ake kaɗawa a san lokacin shiga da fita, kuma babban masanin shari'arsu Blackstone ya rubuta cewa al'adar daga dokar Musa aka aro ta. A 1788 wani manomi a yankin Suffolk mai suna Steel ya kai ƙara saboda wata mata, Mary Houghton, ta shiga gonarsa kala. Alƙali ɗaya ya tsaya mata, sauran suka ce dokar Musa ba ta hau kansu ba, kala alheri ne na mai gona, in ya so ya bari in ya so ya hana. Duk da hukuncin mata ba su daina shiga gonaki ba, an ci gaba har tsawon wasu shekaru masu yawa, injin girbi ne ya zo ya rage abin tsinta har sana'ar ta mutu.

Kafin mu gama ɗaura taya na ji mai gonar shinkafar yana waya, yana tambayar nawa ake hayar injin girbi, wai baɗi ba zai sake ɗaukar masu yanka ba.